Tsargiya A Kadawa Da Hoton Sikanin Mai Dishi-dishi

Duk wanda ya tashi tsakanin Kura da Bunkure, kamar ni, ya san abin da ruwan Tiga ya kawo mana tun bayan kammala madatsar a 1974: shinkafa, alkama, tumatir, sai kuma tsargiya. Muna yara muna wanka a hanyoyin ruwa, fitsarin jini ba abin faɗa wa iyaye ba ne. Wasu ma cewa suke alamar balaga ce.

Kwanaki na raka ɗan ƙanena wani asibiti don a yi masa sikanin mafitsara. Abin da na gani a allon na'urar bai wuce talabijin da ta ɓata tasha ba. Alhali kuwa ƙa'idar da masana suka tsara a taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Yamai a 1996 tana so a auna kaurin bangon mafitsara, in ya wuce milimita 5 a san ƙwayayen cutar sun yi ɓarna. To, mai karatu, ta yaya za a auna milimita 5 a cikin hazo?

Ita dai wannan na'ura ba haske take amfani da shi ba. Sauti take turawa cikin jiki, wanda ke tafiyar kimanin mita 1,540 a daƙiƙa, sannan ta saurari amonsa idan ya dawo. Amon da ya fito daga can ciki yakan iso a raunane, sai ta ƙara masa ƙarfi gwargwadon nisansa. Dishi-dishin kuwa yana samuwa ne idan ƙananan amo suka ci karo da juna. Maganinsa lissafi ne. Na'urorin zamani sukan ɗauki wuri guda ta kusurwoyi da dama su haɗa, sai dishi-dishin, da ke sauya wuri a kowane ɗauka, ya dusashe, bangon ya fito sarai. Wata dabarar da ta yaɗu a ƙarshen shekarun 1990 ita ce na'ura ta aika sauti, amma ta saurari ninkinsa da naman jiki ke haifarwa, wanda ya fi tsabta.

Tsohuwar na'urar da muka tarar ba ta da ko ɗaya daga cikin biyun nan. Jami'in ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ba yaron ruwa ya sha har mafitsara ta cika, ya yi ta murɗa maɓallai. Daga ƙarshe ya rubuta masa praziquantel, ya ce mu tafi cikin birni a sake duba ƙodarsa. Kuɗin mota da na hoto sun ci kwandon tumatir biyu.