Kaɗi: yadda ake mayar da auduga zare

Kaɗi shi ne mayar da auduga zare da hannu. A ƙasar Hausa aikin mata ne tun da can, musamman tsofaffi da matan kulle. Su kaɗa a gida, yara su kai kasuwa, masaƙa su saya.

Hausawa da Fulanin da suka zauna a Sudan sun fito ne daga ƙasar auduga, suka kuma faɗa wata ƙasar auduga. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya yi gabas da jama'arsa, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonakin Jazira, Hausawa da yawa suka shiga aikin cirar auduga. Irin da aka fi sanin Jazira da shi mai dogon sili ne, tsawonsa ya kan haura santimita 3. Audugar gargajiya ta ƙasar Hausa ba ta kai haka ba. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mai koyo, domin dogon sili ya fi kama ɗan'uwansa, zare ba ya saurin tsinkewa.

Kafin kaɗi sai an yi gurza. Ana ɗora auduga a kan dutse, a murza ta da ƙarfen da ake kira magurji, har angurya ta fita. Daga nan sai shiɓa da ɗan baka, don audugar ta warware ta yi laushi. Sai a naɗe ta, ta zama sutu.

Yanzu aka zo wurin aiki. Mai kaɗi tana riƙe sutu a hannun hagu, mazari a dama. Mazari ɗan siririn tsinke ne, da gululu na yumɓu a gindinsa don ya ba shi nauyi ya daɗe yana juyawa. Ta shafa alli a yatsu saboda santsi, ta murza mazari, ta ja audugar a hankali. Duk sirrin yana cikin murɗi. Auduga ita kaɗai ba ta da ƙarfi, murɗin ne ke ɗaure silin. In ya yi kaɗan, zare ya sulluɓe ya rabu. In ya yi yawa, ya dunƙule ya yi ƙulli-ƙulli, ko ya tsinke. Kuskuren sabon hannu kusan ɗaya ne ko'ina: ya kan bar murɗi ya haura cikin sutu kafin ya ja, sai audugar ta ƙi zuwa. Maganinsa a matse da babban yatsa da manuniya, a ja tukuna, sannan a saki murɗin ya bi.

Shi ya sa ya fi kyau a fara da abawa, wato zare mai kauri mai sassaucin murɗi. Arafiya, siririn zaren nan mai ƙarfi, sai hannu ya faɗa.

Ɗalibi ya lura da ginin kalmomin. Magurji daga gurza yake, sigar sunan kayan aiki ce mai ma- a farko da -i a ƙarshe, kamar mabuɗi daga buɗe. Kada kuma a haɗa kaɗi da kiɗi. A Larabcin Sudan, mazari mutrar ake ce masa, tufar audugar da aka saƙa da hannu kuwa dammur.