Kafin Ka Sayi Sabon Batir, Saurari Motarka

A-kori-kura motar neman abinci ce. Ita ke kwaso buhunan masara ranar kasuwa, ita ke kai taki gona, shi ya sa ranar da aka murɗa makulli ta ƙi tashi sai hankalin mai ita ya tashi. Kafin a buɗe bonet an riga an yanke hukunci cewa batir ya mutu, an nufi shago. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa lau.

Ƙarar da motar ke yi tana nuna inda ciwon yake. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere, fitilun gaban direba suna dusashewa, wutar da ke isa ga kik ce ta yi kaɗan. In ƙas ɗaya ka ji, fitilu kuma suna nan da haskensu, kik ɗin ne abin zargi. In kuwa tsit kake ji, ko hon ba ya kuka, to wutar ba ta ma bar batir ba.

Fara da kan batir. Za ka iya tarar da wani gari fari-fari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kai, ko ka kama ƙarfen da ya riƙe kan ka ji yana juyawa a hannunka. Gargadar hanyoyin ƙauye ce ke kwance shi a hankali. Kashe mota, cire wayar da ke kan alamar (-) tukuna, ka wanke da ruwan kanwa ba tare da ya shiga cikin batirin ba, ka kankare, ka ɗaure tamau. Sannan ka bi wannan baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota. Tsatsa a wurin kaɗai ta isa ta hana kik juyawa, amma ba kowa ke leƙawa ba.

Sauran aikin na mai gyaran wayoyin mota ne da mitarsa. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 in inji na kashe. In aka tayar, ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, altaneta ba ta caji, ko bel ɗinta ya saki. A irin wannan hali, ko sabon batir ka sa, shi ma zai ƙare ya bar ka a daji.

Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare a garejinmu: a cire kan batir inji na aiki, wai a gwada altaneta. Kada ka yarda a yi wa motarka haka. Wutar na iya haurawa farat ɗaya ta ƙona kwamfutar injin, wadda kuɗinta ya ninka na batir. Haka nan in fiyus ya ƙone, a mayar da mai lamba irin tasa. Wanda ya cusa silin waya a gurbinsa ya cire abin da ke hana wayoyin mota kamawa da wuta, ga shi bayanta cike da buhuna.

In za a jona maka wuta daga wata mota, jar waya ta haɗa (+) da (+). Baƙar kuma ta taso daga (-) na mai lafiya, a maƙala ƙarshenta a ƙarfen injinka nesa da batir, domin batir na fitar da iskar da tartsatsi ɗaya ke iya tayarwa. A kuma kashe sigari kafin a sunkuya.