Nasiha Game da Haƙƙin Karen Maƙwabci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Bayan haka, ya ku 'yan'uwana malamai da fatake, ku sani wata ɓarna ta yawaita cikin unguwanninmu, muna gani muna kau da kai. Mutum ya sami kare don tsaron gida ko rumbunsa, ya ɗaure shi da sarƙa a tsakar rana, ba inuwa, ba kaskon ruwa, kana ya tafi fatauci kwana da kwanaki.

Waɗansu suna cewa ai kare najasa ne, babu ruwanmu. Wannan ƙarancin sani ne. A mazhabar Imamu Malik dukkan mai rai tsarkakakke ne, har kare da yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a ciki, bin umurni ne kawai. Kuma duk wanda ya riƙe dabba, ci da shanta sun wajaba a kansa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya, ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa. Da na matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa, ta shiga wuta saboda ita.

To, yaya za ka gane karen da ake zalunta? Kada ka yi gaggawar zato, gama karen farauta siriri ne bisa halittarsa. Amma in ka ga haƙarƙari da ƙashin baya sun fito, igiya ta ci wuyansa, kaska ta cika kunnuwa, ƙuda na bin gyambo, ko yana maƙurewa da zarar an ɗaga hannu, lalle akwai zalunci.

Sai ka fara da nasiha a asirce, da tausasan kalmomi, domin watakila talauci ne ko jahilci. In ya ƙi ji, kai magana wurin liman ko mai unguwa, a kira malamin dabbobi. Mu malamai kuwa, mu hana almajiranmu jifar karnuka da duwatsu.

Sai dai a yi hattara. Karen da ke dalalar da yawu, yana kai cizo ga duk abin da ya gani, kada kowa ya kusance shi, gama alamar hauka ce. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya garzaya asibiti ranar nan, domin ciwon in ya bayyana ba ya warkewa. Ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar rigakafinsa. Mai kare ya kai nasa a yi masa.

Dabba ba ta da bakin kai ƙara, amma tana da Ubangiji. Allah Ya sa mu cikin masu jin ƙai, amin. Haza wassalam.