Irin Aya: Zaɓe, Ajiya da Gwaji Kafin Shibka

Ƴan uwa manoma, a jihar Maraɗi aya abin dogaro ce. A gundumomin Tasawa da Mayahi, da maƙwabtansu na Agye da Gazawa, magidanta da yawa da kuɗinta suke sayen hatsi, su yi wa iyali sutura. Ana kai ayarmu Najeriya. Ana kai ta har ƙasar Sipaniya, inda mutanen Balansiya suke yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya.

Amma kowace shekara muna ganin abu guda. Da kaka manomi ya sayar da ayarsa duka da araha. Idan ruwan shibka ya sauka, sai ya tafi kasuwa ya sayi iri da tsada, bai san asalinsa ba. Ya shibka, rabi ya ƙi fitowa. Kafin ya sake neman wani, damana ta yi nisa. Maganin wannan asara yana hannunmu.

Aya mai rai ce

Ƙwayar aya ba kamar ƙwayar gero take ba. A cikin ƙasa take yin ƴaƴa, kamar dankali. Kowace ƙwaya tana da idanu ƙanana a kanta, daga nan tsiro yake fitowa. Ko ta bushe ta yanƙwane, tana da rai, barci take yi. Damshi yana ruɓar da ita. Zafi mai tsanani yana kashe idanunta. Saboda haka ajiyar iri ta bambanta da ajiyar ayar sayarwa.

Zaɓen iri

Mu ware iri tun ranar da muka rairaye aya, kafin ƴan kasuwa su zo.

1. Mu ɗauki iri daga wurin da gona ta fi yin kyau.
2. Kada mu gauraya babbar aya da ƙarama. Kowace da buhunta, domin kowace da farashinta.
3. Mu tsince tsakuwa, da wadda ta fashe, da wadda ƙwaro ya huda.
4. Mu ajiye fiye da abin da gona take ci. Mai shibka tiya 10 ya ajiye 12, saboda gyaran gurbi.

Shanya da ajiya

Mu shanya iri a kan tabarma ko buhu, ba a ƙasa ba. Mu riƙa motsa shi, da yamma mu kwashe saboda raɓa. Idan muka girgiza shi a hannu muka ji yana ƙara, muka ciza muka ji tauri, ya bushe.

Mu zuba shi a buhu mai tsabta wanda iska take ratsawa. Mu ɗora buhun a kan itace ko duwatsu, nesa da bango, saboda gara da damshi. Ɗaki ko rumbu ya kasance mai inuwa, rufinsa ba ya yoyo. Mu toshe ramukan ɓera. Sau ɗaya a wata mu kwance buhu mu duba. Mu rubuta «iri» a jikinsa, mu sanar da iyali cewa wannan ba na ci ba ne, ba na kasuwa ba ne.

Gwaji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Sabuwar aya ba ta saurin tsira, don haka ba a gwada ta da kaka. Lokacin gwaji shi ne bazara, wajen watan Mayu.

Mu ƙirga ƙwaya 100 daga tsakiyar buhu. Mu jiƙa su kwana ɗaya. Mu binne su cikin rairayi a tsohuwar tasa mai huji, mu ajiye a inuwa, mu riƙa yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan mako 2 mu ƙirga waɗanda suka tsira. Idan sun kai 80, irin yana da kyau. Idan wajen 60 ne, mu ƙara yawan abin da za mu shibka. Idan ba su kai 50 ba, mu nemi wani tun farashi bai hau ba. Mai sayen iri a kasuwa ma ya sayi kaɗan ya gwada tukuna.

Ranar shibka

Idan ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙa sosai, a watan Yuni ko farkon Yuli, mu jiƙa iri kwana ɗaya. Ruwa yana tada shi daga barci, ya fito da wuri kuma a tare. Wanda ya taso saman ruwa mu kwashe shi. Mu tsane sauran a inuwa, mu shibka a ranar. Zurfin rami kada ya wuce tsawon ɗan yatsa. Kada mu jiƙa abin da ba za mu iya shibkawa a yini ɗaya ba. Kada kuma mu binne jiƙaƙƙen iri a busasshiyar ƙasa, zai tsira ya mutu.

Lafiyarmu

Ayar da ta yi hunhuna tana iya ɗaukar guba mai lalata hanta. Wanki ba ya fitar da wannan guba. Kada mu yi kunu ko dakuwa da ita, kada mu ba yara. Maganin ƙwari na ajiya kuwa, irin ƙwayar nan mai fitar da iska, yana kashe mutum. Kada a sa shi a ɗakin kwana. Irin da aka sa wa magani ba a cin sa.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna kusa da Maraɗi. Mu kuma da muka iya karatu, mu karanta wa maƙwabtanmu wannan shafi kafin a fara tonon aya.

Allah ya ba mu damana mai albarka.