Yaran Sharaɗa da Wasan Kifin Challawa

Duk ƙarshen shekarar karatu, makarantun firamare a Kano kan shirya bikin ba da kyaututtuka, kuma abin da na fi gani shi ne a sa waƙar da aka buga da fiyano a situdiyo, a jera yara suna motsa baki. Iyaye su yi tafi, a watse. Ni malama ce a wata firamare a Sharaɗa, kuma wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin yaranmu sun iya waƙa da bakinsu, sun iya kwaikwayo, ba wanda ya koya musu a aji.

Wanda ke shakka ya jira goma ga watan azumi. Yaran da suke noƙewa idan an ce su karanta layi ɗaya a allo, su ne za ka gani da gemun auduga da tsumma a ciki suna Tsoho da Gemu, 'yan mata kuma suna Mairama da Daudu gida-gida. Tashe wasan kwaikwayo ne mai waƙa cikakke: akwai labari, akwai shiga, akwai mai bayarwa da 'yan amshi. Rubuta wa yara wasa ma ba yau aka fara ba. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949 don koyar da tsafta, Umaru Dembo kuma ya rubuta Wasannin Yara a farkon shekarun 1970. A kan wannan gado na ɗora nawa.

Labari na fara nema, kuma daga bakin yaran na same shi. Na tambayi 'yan aji biyar abin da suke gani a hanyar makaranta. Wani ya ce kwata mai ruwa ja yau, gobe shuɗi. Wata ta ce babanta yana aikin dare a kamfani, sai ranar Lahadi take ganinsa ido biyu. Yaran da suka tashi tsakanin masana'antun Sharaɗa da majemun Challawa sun san warin ruwan kwatar nan tun kafin su san sunansa. Daga nan wasan ya fito: kifin Kogin Challawa ya kawo ƙara gaban Mai Unguwa, cewa ruwa ya rine, 'ya'yansa na ciwo. Aka kira mai kamfani, aka kira lebura, aka kira uwar gida mai zuba shara a kwata, kowa ya kare kansa da waƙa. Gizo ne lauya, yana cin kuɗin kowane ɓangare. Ban sa mai kamfani ya zama mugu ba, domin a can iyayen rabin ajin suke samun na tuwo. Hukuncin Mai Unguwa ya hau kan kowa.

Wajen waƙar ne aikin yake. Numfashin yaro gajere ne, saboda haka duk layin da ba zai fita da numfashi ɗaya ba, na datse shi. Muryarsa ba ta hawa can sama ba ta sauka can ƙasa, don haka karin ya tsaya a tsakiya. Sannan Hausa harshe ne mai karin sauti: idan waƙa ta ja kalma sama alhali a magana ƙasa take, ma'ana ta gurɓace, yara kuma za su yi ta tuntuɓe a wurin. Dabarata ita ce in faɗi layin da baki tukuna, in saurari hawa da saukarsa, sannan in bar karin ya bi shi. Amshi kuwa shi ne ginshiƙi. Namu kalma shida ne: "Wa ya rina mana ruwan sha?" Na san ya zauna ranar da na ji 'yan aji biyu, waɗanda ba sa cikin wasan, suna rera shi a bakin famfo.

Amshi yana da wani amfanin. Aji mai yara sittin ba zai ba kowa jawabi ba, amma kowa na iya zama kifi ko kwaɗo a cikin 'yan amshi, har yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Kayan kiɗa ba mu saya ba. Jarka, gwangwanin madara da tsakuwa a ciki, ƙwarya a kife, da tafi irin na gaɗa. Ko an ɗauke wuta wasa na tafiya. Wasu iyaye suna da ƙyamar kiɗa da cakuɗa maza da mata, kuma damuwarsu abin saurare ce. Na kai rubutun gaban ƙungiyar iyaye da malamai tun kafin a fara gwaji, muka raba sahun maza da na mata, muka bar rawa, muka riƙe tafi. Kada wasan ya wuce minti ashirin. In ya wuce haka, rana na dukan iyaye, ƙananan kuma sun fara kuka.

Malamai 'yan'uwana, a bana ku ajiye lasifikar haya. Ku tambayi yaranku abin da suke gani a unguwa, ku rubuta musu shi da gajerun layuka, ku bar su su rera da muryarsu.