Maroƙin Ƙofar Fada, Ma'ajin Asalin Gidaje

Jarin wannan sana'a sunaye ne. Wanda zai yi roƙo a ƙofar hakimi a Jajimaji, ko a fadar Nguru, ko gaban Mai Bade a Gashuwa, bai buƙatar rumfa ko sikeli. Murya yake buƙata, da kan da ya riƙe wa ya haifi wane, daga wane ɗaki ya fito, kakansa wace sarauta ya riƙa, a hannun wane sarki aka naɗa masa rawani. Makaɗi na da gangarsa, mabushi na da algaitarsa, shi kuwa maroƙin baki yana tsaye gefensu yana jefa magana a tsakanin kiɗa. Da basarake ya sako ƙafa sai ka ji: “Hattara! Ranka ya daɗe, ɗan wane jikan wane!” Daga nan ya kama jero kakanni har inda saninsa ya tsaya, ko inda ya ga tsayawa ta fi alheri.

Akasari gado ce. Yaro yakan fara da bin ubansa gidan suna da ɗaurin aure, yana riƙe masa takalmi da abin da aka samu, yana amsawa idan an ɗaga murya. Ba wanda ke zaunar da shi ya ce ga darasi. Da kunne yake ɗauka, gida bayan gida, kuma gidajen garinsu yake fara haddacewa kafin ya taɓa na sarakuna. Kuskure a nan ba ya ɓoyuwa, domin a gaban masu abin ake yin sa. Ka haɗa mutum da kishiyar uwarsa a bainar jama'a, ko ka ɗora ƙane bisa wa, to ka rufe wa kanka ƙofar gidan, wataƙila har da ta 'ya'yanka.

A wannan yanki aikin ya fi na Kano ko Zariya wuya ta fuska ɗaya: harshe. Jajimaji, hedikwatar ƙaramar hukumar Karasuwa, tana bisa hanyar Nguru zuwa Gashuwa, ƙasar Mangawa ce, ga Badawa a gabas da kudu, ga Fulani a rugage. Tun da layin dogo ya iso Nguru a 1930, fataken gyaɗa da fata da ƙaro da kifi suka cika garin, Hausa ta zama harshen kasuwa da na taro. Saboda haka maroƙi yakan buɗe da Hausa don kowa ya ji, amma idan ya iso kan kakannin Bamange sai ya juya harshen gidan, domin dattijo ba ya motsuwa da yabon da aka yi masa da bakin baƙo. Sunayen sarautun ma a cakuɗe suke: Lawan da Bulama da Zanna da Kachalla a gefe guda, Madaki da Waziri a ɗaya gefen, kowanne da matsayinsa, kuma wanda ya kira na ƙasa kafin na sama ya tayar da rigimar da za ta fi bikin daɗewa.

Gidan da ya fi nuna nauyin wannan sana'a a yankin shi ne gidan Galadiman Borno. A dā Nguru ce mazauninsa, shi ne mai tsaron yammacin daular Mai na Ngazargamu, kuma sarauta ce ta gado mai dakarunta da ƙasarta. Daga can sunan Galadima ya bazu cikin ƙasar Hausa. Da jihadi ya iso Borno, gidan ne ya fara shan wuta: Ardo Lerlima, da taimakon Fulanin Haɗeja, ya ci Galadima da yaƙi tun kafin Gwani Mukhtar ya shiga Ngazargamu a 1808. Shehu Laminu al-Kanemi ya ceto daular, amma iko ya koma hannunsa a Kukawa, manyan bayin Mai na dā suka zama 'yan kallo. A 1846 magajinsa Shehu Umar ya kashe Mai Ibrahim, Ali ɗan Ibrahim ya faɗi a fagen fama, gidan Mai, wato Saifawa, da ya yi ɗaruruwan shekaru ya ƙare. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa yankin a 1851, a Bundi ya sami mazaunin Galadima, ƙarfinsa ya ragu ƙwarai.

To, maroƙin irin wannan gida me zai ce? Ubangidansa ya yi biyayya ga sarkin da ya faɗi, sabon mai iko yana sauraro, kuma gobe ma sai an ci tuwo. A nan gwaninta take. Zai ambaci kakanni duka, ya daɗe a kan wanda ya yi nasara, ya wuce wanda aka kora da numfashi ɗaya, ya maida gudun hijira ta zama “ƙaura”, sa'annan ya rufe da “Allah ya ja zamanin Shehu.” Rabin sana'ar sanin abin da za a faɗa ne, ɗaya rabin sanin inda za a haɗiye. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Mutanen da ke wurin sun san abin da aka tsallake, kuma tsallakewar ita kanta labari ce ga mai kunne.

Fadar Borno ta daɗe da sanin darajar aikin, har ta yi masa muƙamai irin su Ngijima, ta kuma ajiye jerin sarakunanta da ake kira girgam. Barth ya samu kwafin irin wannan jeri a rubuce a Kukawa, kuma da shi masana ke lissafin zamanin Saifawa har yau. Sai dai duk jerin da maroƙi ya riƙe, ƙarshensa yakan miƙe zuwa Gabas. Saifawa sun kai nasu ga Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Badawa ma suna da labarin fitowa daga ƙasar Larabawa. Kakannin kusa su ne za ka iya gwadawa da wasu shaidu. Na nesa kuwa ado ne, kuma mai hankali ba ya jayayya da maroƙi a kansu ranar biki.

Turawan Ingila sun yi irin wannan sana'a, sai dai su da alƙalami. A 1611 Sarki James na ɗaya ya ƙirƙiro wata sarautar gado mai suna baronet, ƙasa da manyan hakimansa, ya sa mata farashi: fam 1,095, kuɗin ciyar da soja 30 na shekara uku a Ailan. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 tsakanin ɗansa Charles na ɗaya da majalisa, da yawa daga masu wannan sarauta suka bi sarki. Ɗaya daga cikinsu Sir Henry Slingsby ne, mutumin Yorkshire, wanda Charles ya naɗa a 1638. Ya yi yaƙi a Marston Moor a 1644 da Naseby a 1645, duka aka ci rundunar sarki. An sare kan sarkin a 1649, aka ci wa magoya bayansa tara mai nauyi kafin su fanshi gonakinsu. Slingsby ya ƙi sauya sheƙa, aka ƙwace dukiyarsa, dangi suka saye ta don kada ta bar gida, shi kuma aka kashe shi a Landan a 1658. Da sarauta ta dawo a 1660, ɗansa Thomas ya ci gaba da riƙe sunan.

Wanda ya bi irin waɗannan gidaje na Yorkshire a 1665 da 1666 yana rubuta wa ya haifi wane shi ne William Dugdale, jami'in ofishin da aka kafa tun 1484 don kula da asali da alamun manyan gidaje, shi ma ya zauna da Charles a Oxford lokacin yaƙi. Irinsu sukan kira masu gidaje su kawo hujja, wanda ya kasa a yi shelarsa a fili cewa ba ɗan asali ba ne. Maroƙinmu ba shi da wannan iko a takarda, amma yana da wanda ya fi shi ciwo: ya iso kanka a taro, ya kira sunanka kaɗai ba uba ba kaka, ya wuce. Ko ya saki habaici ba tare da suna ba, kowa ya waiwayo ya dube ka. Marowaci ya fi tsoron wannan a kan sammacin alƙali.

Abin da ake samu ba shi da tsayayyen farashi. Dā riga ce ake tuɓewa a yafa masa, ko dami na gero bayan kaka, in an dace doki. Yanzu liƙi ne a goshi, da ambulan, da kuɗin da ake turowa ta waya. Lokutan ciniki sanannu ne: naɗin sarauta, hawan Sallah, bikin 'ya'yan manya, da bikin kamun kifi na Bade a Gogaram, tsohon birnin da Mai Bade Lawan Babuje ya kafa, wanda fadar Bade ta baro zuwa Gashuwa a 1946. Bayan taro ake zama a raba, babba ya ɗauki kasonsa, makaɗa da mabusa nasu, yara abin da ya saura. A cikin gida kuma zabiya da maguɗiya ke riƙe da ɓangaren mata, kuma su ne sukan fi sanin asalin iyaye mata, wanda maza ke gaggawar wucewa. Da damina kusan kowannensu manomi ne.

Duk da haka ana raina sana'ar. Mutumin da ya yi murmushi jiya da aka jero masa kakanni bakwai, shi ne zai hana ɗan maroƙin 'yarsa. Malamai kuma sun daɗe suna sukar yabon da ya wuce gona da iri, kuma suna da gaskiya a kan maroƙin titi mai tare mota ya yabi wanda bai sani ba. Haɗa shi da na fada zalunci ne, domin na fada ya yi shekaru yana koyon abin da babu shi a wani littafi.

Tun da aka ƙirƙiro jihar Yobe a 1991 masarautu suka ƙaru, rawuna suka yawaita, 'yan kasuwa da 'yan siyasa da ma'aikata suka shigo layi. Wannan ya kawo kasuwa, ya kuma kawo aiki sabo, na yi wa mutum kirari alhali kakansa farke ne da ya sauka daga jirgin ƙasa da buhun goro. Gwanaye ba sa ƙaga masa Mai a zuriya, don akwai tsofaffin da za su yi dariya. Sukan yabi hannunsa, da rijiyar da ya haƙa, da mutanen da ya kai Makka, su jingina shi da sarkin da ya naɗa shi. Masu gabatar da taro da lasifika sun karɓe bukukuwa da dama, amma daga takarda suke karanto sunaye, kuma sau da yawa takardar ma wurin tsohon maroƙin garin aka je aka rubuto ta, aka ba shi na goro.