Mai Doro Ba Ta Mutu Ba: Abin Da Ya Sa Gidajen Umdurman Suke Riƙe Da Tsohuwar Talabijin

A Kano ana ce mata mai doro, wasu su ce mai ƙusumbi. Ita ce talabijin ɗin nan ta da, mai kwalba a ciki, wadda sai ƙarti biyu sun kama kafin a ɗora ta a tebur. Kamfanin Sony ya daina ƙera shahararriyar Trinitron ɗinsa tun 2008, sauran manyan kamfanoni ma suka bi sahu, duniya ta koma kan ta bango, wadda mutanen Sudan suke kira shasha. Amma duk wanda ya shiga gidajen talakawa a Umdurman, ko unguwannin kudancin Hartum irin su Mayo inda 'yan uwanmu Hausawa suke da yawa, ya san mai doro tana nan daram. Na yi shekaru ina sayar da kayan wuta a Kasuwar Libiya, kuma na sha ganin mutum yana da kuɗin shasha a aljihu amma ya ce shi tsohuwar yake nema. Ba ƙauyanci ba ne, lissafi ne.

Talabijin ta tsakar gida

Sai an san yadda ake kallo a Sudan kafin a gane zancen. Gidan talabijin na ƙasar a Umdurman yake, a bakin kogin Nilu kusa da gidan rediyon da aka buɗe tun 1940, kuma ya fara aiki a farkon shekarun 1960. Tun daga lokacin, kallo a nan ba na cikin ɗaki ba ne. Daga watan Afrilu zuwa Yuni zafi yakan haura digiri 40, ɗaki ya zama tamkar tanda. Saboda haka da an yi magariba sai a yayyafa wa tsakar gida ruwa, wato hosh, a fito da gadajen igiya da ake kira angarib, a ɗauko talabijin a girke ta a kan ƙaramin tebur. Nan za a ci abinci, nan za a sha jabana, nan yara za su yi barci. Ranar da Hilal da Marrikh suke wasa, maƙwabta ma sai sun shigo. Da azumi kuwa, bayan an sha hilu-mur, gida ɗaya-ɗaya ne ba ya kunna shirin waƙoƙin nan na Aghani wa Aghani da marigayi Al-Sir Gaddour ya daɗe yana gabatarwa a tashar Blue Nile.

Hausawan Sudan, jikokin mahajjatan da suka bi hanyar Makka a ƙafa da na waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno, sun ɗauki wannan al'ada dungurungum. Sai dai su sun ƙara da nasu: kaset-kaset da faya-fayan finafinan Kano, da na wa'azi da tafsiri, waɗanda fatake suke zuwa da su.

To talabijin ɗin da kullum sai an fita da ita an dawo da ita, wadda yara suke zagaye da ita, akuya ma takan gifta, wace iri ta fi dacewa? Fuskar mai doro gilashi ne mai kauri, ƙwallon yaro ta buge shi ba ya ko gezau. Shasha kuwa, kusurwar ƙofa kaɗai ta taɓa ta, sai ka ga baƙin tabo ya bazu kamar an zubar da tawada. Shi ke nan, domin allon shi ne kusan duk kuɗinta. Ga habub, guguwar ƙurar nan da takan taso kamar bango ta rufe Hartum a ƙarshen bazara da farkon damina. Mai doro a buɗe bayanta, a hure ƙurar, ta ci gaba da aiki.

Wadda mai gyaran unguwa ya sani

Babban dalili dai shi ne gyara. Wutar lantarki a Hartum ba ta taɓa zama abin dogaro ba. Ko bayan an buɗe madatsar Marawi a 2009 mai ƙarfin megawat 1,250, da zafi ya kama sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Kuma ba ɗaukewar ce take kashe kaya ba, dawowar ce: ta zo da ƙarfi fiye da kima, ko ta zo a raunane ta yi ta kaɗawa. Kowace irin talabijin tana iya ƙonewa a haka. Bambancin shi ne abin da zai biyo baya.

In mai doro ta tsaya, yawanci abu uku ne: kafasita ta kumbura, ko tiransisto ya ƙone, ko kuma ƙaramar tiransifomar nan da take ba kwalba wuta ta gaji. Kayan cikinta manya ne, ido yana ganin su, hannu yana kama su. Mai gyara da ƙarfen liƙi da dalma da 'yar mitarsa zai cire wanda ya mutu, ya ciro wani daga gawar wata talabijin da ke jibge a bayan shago, ya liƙa. Kafin ka gama shan shayi a wurin mai shayin bakin titi an kunna maka ita. Shasha kuwa, in ba fitilun bayan allo ne suka mutu ba, galibi sai dai a canza faranti sukutum, kuma kowane samfuri da irin nasa. Sai an aika Dubai ko Alƙahira, a jira, a biya da farashin dala.

Maganar dala ba ƙarama ba ce. Daga 1997 zuwa 2017 ƙasar tana ƙarƙashin takunkumin Amurka. A 2011 Kudu ta ɓalle da mafi yawan man fetur. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 a dala ɗaya zuwa kusan 375 a rana guda. Mu da muke kasuwa mun ga lokacin da farashin safe daban, na la'asar daban. A irin wannan hali, kayan da za a iya gyarawa da abin da ke cikin unguwa ya fi kayan da ya dogara da jirgin Dubai.

Akwai wata dattijuwa, ƙanwar mahaifina, da ɗanta ya aiko mata da shasha mai inci 43 daga Jidda. Ta sa aka maƙala ta a ɗakin baƙi, aka lulluɓe da mayafi, ita kuma ta ci gaba da kallon tsohuwarta a tsakar gida. Na ce, "Gwaggo, ga sabuwa an kashe kuɗi, me ya sa ba kya kunnawa?" Ta ce, "Ɗan nan, waccan ta baƙi ce. Wannan kuwa in ta yi tari na san wanda zan kai wa, kuma ina jin muryar malam ko ina madafa." Gaskiyarta. Mai doro tana da ciki, lasifikarta tana da wurin numfashi, shi ya sa muryarta take cika fili. Shasha siririya ce, sautinta ma siriri ne, sai an haɗa mata da wata lasifikar.

Har hoton ma akwai magana. Tsofaffin finafinai da wa'azozin da aka ɗauka a zamanin kaset, an yi su ne daidai da fuskar mai doro. A sa su a babbar shasha sai fuskoki su baje, hoton ya yi dishi-dishi, duk aibinsa ya fito. Masu shagunan wasan PlayStation na da ma sun san wani sirrin: mai doro ba ta jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin hoto. Saboda wannan ne a Amurka da Turai masu sha'awar tsofaffin wasanni suke farautar Trinitron suna biyan kuɗi mai tsoka, abin da mu a nan ake ɗora wa tulun ruwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da yaƙi ya nuna

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a tsakiyar Hartum, cikin azumi. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka, wasu Madani, wasu Gadarif da Port Sudan, wasu Masar da Chadi, namu da dama kuma suka dawo Kano da Maiduguri da Damagaram. An wawashe gidaje da kasuwanni, Kasuwar Libiya ma ba ta tsira ba. Bayan sojoji sun karɓe Hartum a watan Maris na 2025, mutane suka fara komawa su ga abin da ya saura.

A layinmu labarin kusan iri ɗaya ne. Bango da ramuka huɗu inda aka ɓalle shasha. Firiji babu, injin wanki babu, wani gidan har wayoyin cikin bango an zare saboda jan ƙarfe. Amma a gidaje da yawa mai doro tana nan a lungu, ƙura ta rufe ta. Mai inci 21 ta kai kilo 20, mai inci 29 kuwa ta ninka haka. Ɓarawon da yake sauri ba ya ɗaukar abin da ba zai iya ratayawa a babur ba, kuma ba shi da mai saye. Nauyin da ake yi mata gori da shi, shi ya cece ta. Wasu an fasa su don a cire jan ƙarfen ciki, amma waɗanda suka tsira, da dama daga cikinsu da aka hure aka jona sai suka kawo hoto. Ga iyalin da suka dawo ba su da ko katifa, jin labarai da muryar mai karatu a tsakar gidansu ba ƙaramin abu ba ne.

Inda take da rauni

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a zubar da shasha. Mai doro tana da nata laifin, kuma yanayin da ake ciki yanzu ya ƙara fito da shi. An lalata tiransifomomi da layukan wuta a sassa da yawa na babban birnin, an kuma kai hare-haren jirage marasa matuƙa kan tashoshin wuta, har da na Marawi da na Umdurman a 2025. Mutane da yawa sun koma kan sola da batir. To a nan lissafi ya juya. Mai doro mai inci 21 takan ci wat 60 zuwa 90, shasha mai inci 32 kuwa kusan rabin haka, kuma akwai ƙanana da suke aiki kai tsaye da batir mai bolt 12 ba sai da inbata ba. Wanda yake da faranti ɗaya na sola, yana son fanka da fitila da cajin waya, ba zai iya ciyar da mai doro har tsakar dare ba.

Sannan kayan gyaranta ƙarewa suke yi. Tunda ba a ƙera sabbi, kowace da aka gyara wata aka yanka aka ba ta. Masu gyaran ma yaƙi ya tarwatsa su, yaran da suke tasowa kuma gyaran waya suke koya.

Sai kuma haɗari, wanda nake roƙon iyaye mata su kula da shi. A cikin kwalbar nan akwai wuta mai ƙarfin bolt dubu ashirin da wani abu, kuma takan saura a ciki ko an zare waya daga bango. Kada a bar yaro mai ƙiriniya ya buɗe bayanta. Gilashin kwalbar yana da dalma mai yawa, wadda guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, don haka kada a fasa ta a tsakar gida, kada kuma a bar yara su ƙona wayoyinta don su sayar wa 'yan gwangwan. Nauyinta duk a gaba yake, in tebur ba shi da ƙarfi yaro ya ja ta, kansa za ta faɗo. A ajiye ta a ƙasa-ƙasa, a jingine da bango.

Shawara ga 'yan kasuwa da masu aike

Ga ɗan uwa da yake Jidda ko Dubai ko Kano yana son ya aika wa gida wani abu, kafin ka sayi katuwar shasha tambayi abu uku. Wace wuta suke da ita, ta gwamnati ko sola? A ina za a riƙa kallo, ɗaki ko tsakar gida? Kuma in ta lalace, akwai mai gyara a kusa? In sola ce, ƙaramar shasha mai batir ta fi. In wutar gwamnati ta dawo kuma tsohuwar tana aiki, kuɗin shashar ka saya musu sitabilaiza mai kyau, wadda a can ake kira munazzim, da risiba, sauran a yi cefane. Ka tabbata risibar tana da ramukan nan uku, ruwan ɗorawa da fari da ja, domin mai doro ba ta san HDMI ba.

Ga masu shago kuwa, ban ga hikimar ɗauko kwantenar tsofaffin talabijin daga waje ba, kasuwar raguwa take yi, kuma rabin abin da za a loda maka shara ce. Ribar tana cikin ƙananan abubuwa: rimot mai aiki da kowane samfuri, wayoyin haɗi, kafasita, fis, munazzim, da risiba mai araha. Ba su da nauyi, ba sa fashewa a hanya, kuma duk gidan da aka dawo ana neman su. Wanda yake da hali ya ba wani mai gyara kusurwa a shagonsa, ya haɗa shi da yaro ɗaya ko biyu su koya. Mai kawo gyara yau, shi ne mai sayen sabuwa gobe in Allah ya buɗa masa.

Ranar da za a daina ganin mai doro tana zuwa, babu makawa. Amma a Umdurman ba talla ce za ta kore ta ba. Za ta tafi ne ranar da wuta ta zauna, kuɗi ya tsaya wuri ɗaya, mutum ya rataya abu a bangon gidansa ya kwana da tabbacin zai wayi gari ya same shi. Allah ya kawo mana wannan rana, ya zaunar da Sudan lafiya, ya mayar wa kowa da abin da ya rasa.